Gonar Maccido a Kan Katako

Mamuda mai fenti ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙarata. Tun muna yara a Alelu nake gaya masa gaskiya yana kumbura fuska, yanzu kuwa da furfura ta cinye masa gemu ban ga abin da zai sa in daina ba. Taurin kansa ya isa a buga a jarida. In ya sa abu a gaba, gara kawai mutum ya kauce ya ba shi hanya.

Kawu ya so ya zama manomi kamar kowa a gidan. A ba shi fartanya da safe, da hantsi a tarar da shi gindin bishiya yana zane a ƙasa da tsinke. Bangon ɗakin kakarmu ma bai tsira daga gawayinsa ba, kuma ya sha bulala a kan haka ba ta hana shi komai ba. Da ya tasa sai ya zame ya tafi Jega ya zama yaron mota. Can ma bai tsinana abin kirki ba wajen ɗaure buhu, amma direbobi suka lura in ya rubuta lamba a jikin mota sai ka ce daga kamfani ta fito. Daga lamba aka koma kirari, daga kirari aka koma zaki da mikiya a ƙyauren bayan gingimari. Kafin a ce me, ya kafa rumfa a Sabon Gari bayan tasha, kuma nan yake har yau, cikin gwangwanaye da warin kananzir.

Aikinsa tsaf-tsaf ne. Da rula yake jan layi, ya goge katako da samfefa har ya yi sumul, in ya gama zane ya bi shi da man ƙyalli hawa kan hawa, yadda ko ruwan sama sai dai ya zame ya wuce. Yana ji da wannan ƙyallin fiye da yadda yake ji da rigar jikinsa.

A duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ya hana shi shan ruwa da daɗi, wato Maccido na Aliero. Shi ma mai zanen mota ne, ya ɗan girme shi, kuma bahago ne. Maccido ba ya zana zaki, ba ya zana mikiya. Abu ɗaya yake yi tun da ya fara riƙe buroshi: gonar albasa, gulbi a gefenta, kwale-kwale babu kowa a ciki, da wata ƙatuwar rana ta sauko ƙasa-ƙasa. Ba ya amfani da rula. Fenti yake ɗebowa da kauri ya ja daga ƙasa zuwa sama, kuma saboda hannun hagu ne sai komai ya karkata gefe ɗaya, kamar iska na kaɗa gonar. Direbobi sukan ce in kana bin bayan motar da Maccido ya zana, sai ka rantse ganyen albasar motsi yake yi.

Direbobin suka rabu biyu, na Mamuda da na Maccido, su kuma gwanayen suka yi ta jifan juna da magana ta bakin masu mota. Mamuda ya ce aikin Maccido kamar kaza ta taka fenti ta bi ta kan katako. Maccido ya aiko masa da cewa nasa kuwa ko katin asibiti ya fi shi rai. Sun yi shekaru a haka, in sun haɗu a ɗaurin aure su gaisa da fara'a, kowa ya juya yana taɓe baki. In mota mai zanen Maccido ta faɗo hannun Mamuda don sabon fenti, ranar har waƙa yake yi yana kankarewa.

Sai ciwon suga ya taɓa idon Maccido. Aka yi ta magani, gani na raguwa, har ya ɗauke gaba ɗaya. Ya rufe rumfarsa, ya shige ɗaki, ya ƙi fitowa ko zaure. A lokacin kuma sana'ar kanta ta fara tangal-tangal, don samarin direbobi sun koma manna sitika, motocin bodin katako kuma sai ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana wani direba mai suna Lukman, da ke kai albasa Kudu, ya kawo tsohuwar gingimarinsa a sabunta mata fenti. Mamuda ya zagaya baya da samfefa a hannu, sai ga gonar Maccido, ta koɗe amma tana nan. Lukman ya ce masa, “Kankare ta duka, Malam Mamuda. Ita ɗai ta' rage bisa hanyag ga, ni ko na gaji da ganin tsohon yayi.”

Wannan magana ce ta tsayar da shi. Ya gaya mini daga baya cewa ya tsaya yana lissafa motocin Maccido da ya sani, ya ga duk sun tafi, kuma da yawansu shi ya goge su da hannunsa. Ya ajiye samfefar. Ya ce wa Lukman zai sa kafinta ya yi masa sabon ƙyaure, ya zana masa duk abin da ransa ke so, shi dai ya bar masa tsohon. Lukman ya dube shi kamar wanda ya taɓu, ya ce ya ɗauka.

Mamuda ya ɗora ƙyauren a kan wata mota mai zuwa Aliero, ya kai shi har gidan Maccido. Matarsa Gudiya ta gyara aka shigar da shi ɗaki. Ya tarar da mutumin da ya sani ƙaƙƙarfa ya zube, yana zaune a gefen gado yana fuskantar bango. Suka gaisa. Mamuda ya jingine ƙyauren a gabansa ya ce ga aikinsa nan ya kawo masa, na ƙarshe da ya rage. Maccido ya miƙa hannu ya shafa sau ɗaya, ya janye.

“Na Jega,” in ji shi, “wanga ai katako na. Mi za ni yi da katako? Ba Gudiya ta hura wuta.”

Mamuda ya dawo Jega da ƙyaurensa, ransa a ɓace. Ba Maccido yake jin haushi ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne mutum ya yi shekara da shekaru yana zana gona ɗaya, a ƙarshe a ajiye masa ita a gaba ya kasa gane ta. A hanyar nan ya yanke shawarar zai sake yin gonar, da salon mai ita, amma yadda hannu zai iya ganinta. Ya yi rantsuwa kuma ba zai bari ba sai Maccido ya taɓa ya ce tasa ce.

Ya samo falanki mai faɗi ya soma. Ya bi kasuwar Jega yana tsince-tsince kamar mahaukaci sabon kamu: tsofaffin silifa shuɗɗa don gulbi, koriyar leda don ganye, jar roba don rana. Ya yi ta wahala wajen daidaita launi. In shuɗin silifa bai yi daidai da na ƙyauren ba sai ya jefar ya koma nema. Ya yanka, ya manna, ya goge bakin kowane yanki don kada ya yi kaushi. Da ya gama, sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya kwarara wa aikin man ƙyalli, ya bari ya bushe, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Duk wanda ya wuce rumfar sai ya tsaya ya yaba. Ni ma na gani da na shigo Jega cin kasuwa, kuma gaskiya ya yi kyau.

Ya kai Aliero yana tafe yana murmushi. Maccido ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, “To, yanzu kuma tebur ka kawo man? Shina da santsi, madalla. Hannunka na wanga, ko cikin kabari ni ka gane shi.”

Washegari sai ga Mamuda a gidana a Maiyama, inda nake aure. Ya zauna a kan turmi ya ba ni labari, fuska a murtuke. Na yi dariya har sai da na riƙe ciki. Na ce, “Kai dai Allah shi shirye ka. Makaho ka yi wa aiki, kat tsaya auna shuɗi? Sannan kab bi duka da mai kas shahe? Ai ko akuya ta hi ka dabara.”

Sai ya zura wa randata ido, wata tsohuwa da ta tsage na ajiye a bayan madafa ina zuba wa kaji ruwa. Ya tashi ya je ya dafa ta, ya daɗe hannunsa na kai. Sai ya ce, “Raihanatu, wagga randa tana da sanyi.”

Na ce, “Randa ta, da mi za ta yi in ba sanyi ba?”

Kafin in ankara ya kife ruwan kajin ya rungume ta. Ya ɗauki murfin tsohuwar tukunyar ƙarfe da nake soya gyaɗa, ya kwance igiyar ramar da nake shanya, ya tattara ƙwallayen gorubar da yara suka zubar. Har ɗankwalin da na shanya bai bari ba. Na bi shi ƙofar gida ina masifa, ya ɗaure kayan a bayan babur ya ce in kai ƙara wajen kawu, alhali ya san kawu ya daɗe da rasuwa.

Abin da ya yi da ɗankwalin nan shi ya sa mutanen tasha suka fara cewa lallai Mamuda ya zautu. Kullum da safe sai ya ɗaure idonsa da shi, ya zauna gaban tsohon ƙyauren Maccido yana bin sa da yatsu. Da farko bai ji komai ba sai katako, yadda mai shi ya ce. Da ya dage, sai ya fara jin tudun fentin, inda buroshi ya sauka da nauyi a ƙasa, da inda ya tashi siriri a sama. Ya gane ba launi ne ke sa gonar motsi ba, jan hannun ne. Ya gwada da hannun dama, layin ya miƙe tsaye kamar soja. Sai ya tura hannun daman cikin aljihu, ya ce daga yau hagu za ta yi aikin.

Mutum ya haura hamsin yana koyon hagu, ido a ɗaure, ga guduma ga ƙusa. Babu yatsan da bai fashe ba. Matarsa ta aiko mini in zo in yi masa magana, ni da ba ya iya yi wa fushi. Na je na tarar da shi zaune a ƙasa, ɗankwalina mai furanni a fuskarsa, direbobi sun kewaye shi suna shewa. Wani ya ce ko amarya ce za a kai ɗaki. Bai ko juyo ba. Na yi niyyar in ƙara masa da tawa, amma da na ga jini a kan falankin sai na fasa. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji ina alfahari da shi, abin da ban taɓa gaya masa ba kuma ba ni da niyya.

Na ce, “In ka gama kuma ya ce tebur na hwa?”

Ya ce, “Sai in sake.”

A hankali gonar ta tashi. Igiyar rama ta zama layukan gona, kowanne ya karkata yadda bahago ke ja. Ganyen albasa ya yi shi da ragowar fata da ya roƙo wajen dukawa, ya yanka siri-siri, ya kafe gindin kawai ya bar kan yana lilo. Ƙwallon goruba da ya raba biyu ya zama kan albasa, ya lulluɓe kowanne da busasshen ɓawon albasa na gaske, mai ƙara in an taɓa, mai wari in an sunsuna. Randata ya farfasa ta ya goge bakin katangar, wato gutsattsarin randar, ya jera ta zama gulbi, ya bi gefen da yashin da ya ɗebo a bakin gulbin Jega ya kwaɓa da gam. Kwale-kwalen ɓarin ƙwarya ne. Rana kuwa murfin tukunyata ne, ya kafe shi ƙasa-ƙasa inda Maccido ke sa tasa. Daga ƙarshe ya kwance ido ya bi tsakanin kayan da fenti mai kauri, da launukan Maccido, da hannun hagu, don masu ido ma su samu nasu. Gwangwanin man ƙyalli kuwa ya ba wani kafinta kyauta, don kada hannunsa ya sake yaudararsa.

Ranar da zai kai, na ce ƙafata ƙafarsa, sai na ga inda randata ta ƙare. Muka isa Aliero da hantsi, lokacin ana ta lodin albasa, duk garin na warinta. Na ɗauka zai shige da falankin ciki kamar da. Sai ya jingine shi a bangon waje, kusa da ƙofar zaure, daidai inda rana ke bugawa. Ya ce in shiga in gaya wa Maccido ya fito.

Na shiga. Gudiya ta tarbe ni, ta girgiza kai ta ce tun da idon ya tafi ko masallacin ƙofar gida bai taka ba, kunyar a ja shi da sanda yake ji. Na durƙusa a bakin ɗaki na gaishe shi, na faɗi saƙo.

Ya ce, “Ce mai shi shigo da tebur ɗin nai, in shahwa shi tahi.”

Na fita na faɗa. Mamuda ya ce, “Koma ki ce wanga ba shi aiki cikin ɗaki. Rana shi ka so.”

Na koma. Maccido ya ce to ya mayar da abinsa Jega. Na sake fita. Mamuda ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce in gaya masa yana nan, in ya ga dama ya fito yau, in ya ga dama ya fito bayan Sallah. Haka suka mayar da ni 'yar aike, tsofaffi biyu da gemu, har na gaji na zauna wajen Gudiya muna ɓare gyaɗa. Aka yi azahar, Mamuda ya je ya yi salla ya dawo kan buhunsa. Gudiya ta aika masa da fura ya sha ya gode, bai motsa ba. Daga ɗaki muka ji Maccido na tambaya ko ɗan taurin kan nan ya tafi. Aka ce yana nan.

Can sai muka ji tsaki, muka ji gado ya yi ƙara. Ya fito yana lalube bango, ya ce Gudiya ta riƙe masa hannu ya je ya kori mutumin nan da bakinsa. Ta miƙe da sauri har gyaɗa ta zube. Na bi bayansu ta zaure.

Da ya taka waje, hasken da zafin suka sa ya ɗan tsaya. Mamuda bai ce masa sannu ba. Ya ɗebi ruwa a buta ya yayyafa wa katangar randa, sannan ya kama hannun hagun Maccido ya ɗora a kan murfin tukunyar, wanda ya wuni yana shan rana.

Maccido ya fizge hannu. “Kai! Ƙona ni za ka yi? Mi na wanga?”

“Kai ka sani. Kai ka aje ta nan kullum.”

Maccido ya sake miƙa hannu da kansa, a hankali, ya zagaya bakin murfin da yatsa. Daga nan hannun ya gangara dama, ba wanda ya nuna masa, ya faɗa kan katanga mai sanyi da laima. Ya bi ta har ya ci karo da ɓarin ƙwarya, ya tura yatsa ciki ya ji babu kowa. Ya sauko kan yashi. Da ya isa gonar sai ya durƙusa, ya sa hannu a gindin igiya ya ja sama, ya koma ta gaba ya ja sama, ganyen fata na kaɗawa a bayan yatsunsa, ɓawon albasa na ƙara. Na ga kafaɗarsa na yin irin motsin mai riƙe da buroshi. Gudiya ta rufe baki da mayafi tana hawaye, ni ma ban tsira ba.

Ya daɗe a haka. Mamuda na tsaye, hannuwa a baya, gumi na zuba.

Sai Maccido ya tsaya a kan wata igiya can gefe. Ya bi ta sama, ya dawo, ya sake bi.

“Na Jega.”

“Na'am.”

“Wanga layi ya miƙe da yawa. Ni ban taɓa jan layi haka ba cikin gonata. Nan hannunka na dama ya hito daga aljihu.”

Mamuda ya ce, “Gonar wa kac ce?”

“Kurma kaz zama kuma? Gonata. Miƙo man guduma in gyara ɓarnad da kay yi.”

Mamuda ya zaro gudumar daga jaka ya sa masa a hannun hagu. Maccido ya gyara zama a kan buhun, a bakin hanya, mutane na wucewa suna tsayawa, ya laluba kan ƙusar ya fara ɓamɓare ta. Taubashina ya durƙusa a gefensa ya riƙe masa falankin da hannu biyu don kada ya motsa.